Allurar Gudu Tana Rawa, Fitilu Suna Kamawa: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Malam, ina da Hilux ƙirar 2006 da nake ɗaukar hatsi da ita. Kwana biyun nan allurar gudu sai ta yi ta rawa, can kuma ta kwanta a sifiri alhali ina tafiya. Fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama, wani lokaci ta batir da ta birki su kama tare. An ce in cire ƙwayayen fitilun in huta. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka bari a cire su. Na ga injin da ya ƙone ƙurmus saboda an kashe fitilar baƙin mai, ranar da famfon baƙin mai ya tsaya babu abin da ya gargaɗi direba. Jar fitila cewa take ka tsaya yanzu, mai ruwan ɗorawa kuwa tana ba ka damar kaiwa gareji.

Saboda haka jajayen nan biyu, ta batir da ta birki, za mu fara bi. Duba man birki, ka kuma tabbatar hambirki ya sauka sosai. In duk lafiya, to zargina yana kan altaneta, domin a tsofaffin Toyota da yawa idan ta daina caji fitilar batir da ta birki tare suke kamawa. Sa rewaya ya ɗora mita a kan batir. Mota a kashe, ya kamata a ga kusan bolt 12.6, inji na aiki, tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, a duba fambel tukuna, sau da yawa sakwarkwacewa kawai ya yi. A kuma kankare kan batir da wayar da ke haɗa shi da jikin mota. Wuta marar ƙarfi ita kaɗai tana iya sa allura rawa, shi ya sa ba na son a sayi komai kafin wannan gwajin.

Idan caji ya daidaita amma allura ba ta daina ba, ga gwajin da ba ya cin ko sisi: kana tafiya, ka lura da lambobin kilomita. In suna ƙaruwa alhali allura na kwance, ciwon yana cikin agogon dashbod. In su ma sun tsaya, saƙon gudu ne ba ya isowa.

Tsofaffin a-kori-kura da wata waya mai juyawa suke aiki daga giyabos zuwa agogo, takan bushe ko ta tsinke. Taka kuwa sansa gare ta, wato ƴar na'urar da ke auna gudu ta aika saƙon, yawanci a ƙarshen giyabos, daidai inda laka da ƙura da ruwan damina ke dukanta. Idan kwamfutar mota ta rasa wannan saƙon sai ta kunna fitilar inji. A jona na'urar bincike a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari; lambar P0500 ita ke nuna matsalar saƙon gudu.

Amma lambar ba ta ce sansa ta mutu ba, a nan mutane ke asarar kuɗi. A zare soket ɗinta, a wanke tsatsa, a bi wayar a ga ko ta goge a jikin ƙarfe ko ɓera ya ci ta, kuma motar hatsi ba ta rabuwa da ɓera. A fito da sansar a duba ɗan ƙaramin giyar roba da ke juya ta, haƙoransa kan cinye da tsufa. Sai duk waɗannan sun fita lafiya za ka sayi sabuwa, ka tafi da tsohuwar a hannu don a gwada su. Bayan gyara a goge lambar, ka yi tafiyar kilomita goma ka ga ko fitilar za ta dawo.