Murhun zamani a ɗakin maijego: "ai ba ya hayaƙi"

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Daga Tudun Wada nake, a nan Gombe. Na sayi murhun zamani mai tsimin gawayi, tare da curin gawayin da ake yi da ƙaiƙayin shinkafa. Mai sayarwa ya ce tunda ba ya hayaƙi zan iya kwana da shi a ɗaki saboda sanyi, ga ni da ɗanyen goyo. Yanzu kullum da ciwon kai da jiri nake tashi, yaron kuma ko nono ba ya son kamawa da safe. Surukata ta ce shafar aljanu ce. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, tun kafin ki ƙarasa karatun nan ki fitar da murhun tsakar gida, ki buɗe ƙofa da taga, ki kai yaron asibiti yau ɗin nan. Ki faɗa wa likita cewa da garwashi kuke kwana, ke ma a duba ki.

Murhun kansa ba shi da laifi. Yumɓun da aka shafe cikinsa da shi yana riƙe zafi ya tura wa tukunya, gawayi kaɗan ya dafa abin da a da sai an cika kurfoti. Curin ƙaiƙayi kuwa shara ce aka mayar makamashi. Jihar da kwazazzabai ke cin gidaje, har gwamnati ta fito da shirin dashen itatuwa na 3G (Gombe Goes Green) a 2019, tana buƙatar duk abin da zai rage sare daji. Ki ci gaba da girki da shi, a waje.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "ba ya hayaƙi", wadda duk hunturu sai ta dawo. Hayaƙin da ido ke gani tun wurin ƙona gawayin ya fice. Abin da garwashi ke fitarwa bayan nan shi ne kabon monoksaid, wata iska mai guba, ba launi, ba wari, ba ya sa tari balle ya tashe ki. Yana manne wa jini fiye da yadda oksijin ke yi sau 200 da ɗoriya, sai jini ya yi ta zagayawa alhali ƙwaƙwalwa da zuciya suna shaƙewa. Hayaƙin ice ko ba komai yana korar mutum waje da hawaye. Shi kuwa kabon monoksaid, barci yake ƙara miki. Kuma ƙaramar ƙofar nan ta ƙasan murhu da kuke rufewa don wuta ta kai asuba, ita ke ƙara gubar, domin garwashin da bai samu isasshiyar iska ba ya fi fitar da ita. Jariri ya fi ki saurin numfashi, shi zai fara galabaita.

Masu sayarwa sun haddace "yana kare muhalli", amma da wuya ka ga murhun da aka rubuta gargaɗi da Hausa a jikinsa. A taron rabon kaya ma haka: a yi jawabi, a ɗauki hoto, kowa ya watse, ba wanda ya tsaya ya ce wa mata kada su shiga da shi ɗaki. Idan aka wayi gari iyali ba su tashi ba, sai a ce sammu ne, ko a ɗora wa kishiya cewa ta zuba wani abu a tuwo. Wanda aka samu da sauran numfashi kuma a ɗura masa manja ko madara. Ba sa cire komai daga jini, kuma ɗura wa wanda ya suma abu na iya sarƙe shi. Oksijin na asibiti yake buƙata. Kwanon ruwa kusa da murhu, barbaɗa gishiri, turaren wuta, fanka a rufaffen ɗaki, duk ba sa hana komai. Janareta a baranda kusa da taga ma gubar ɗaya ce.

Ki yi wa surukarki bayani cikin ladabi, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Maganar sanyi kuwa, ki sa wa yaron hula da safa, ki ƙara masa kaya, ki riƙa rungumarsa a ƙirjinki. Idan maigida na da hali, akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan wannan guba ta taru a ɗaki, ya tambaya a shagunan kayan lantarki. Ko an same ta, garwashi dai a waje zai kwana.