Tsakanin .375, 9.3x62 da .458: wacce zan ɗauka don ɓauna?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa. Na daɗe ina harbin mariya da kanki da bindigata .30-06, kuma takarduna cikakku ne. Bana ina so in nemi izinin farautar manyan dabbobi, in shiga ɗaya daga cikin yankunan farauta na wajen Cholire don ɓauna. An nuna mini bindigogi biyu na sayarwa, .375 H&H da 9.3x62, amma wani abokina ya ce duk wasan yara ne, in nemi .458 kawai. Na kuma ji ana gardama kan harsashi mai buɗewa da dunƙulalle wanda ba ya buɗewa. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Sayi .375 ɗin. Ka nemi harsashi mai nauyin giram 19.4, wanda za ka ga an rubuta 300 a jikin kwalinsa, na irin da ke buɗewa ba tare da ya farfashe ba. Kuɗin da za ka ƙara don samun .458 kuwa, ka sayi harsasan atisaye da su. Ga dalilina.

Ita .30-06 taka ajiye ta a gida. Tana iya kashe ɓauna idan komai ya zo daidai, amma ƙa'idar farauta a Kamaru ta ware manyan dabbobi ga bindiga mai zare a cikin baki wadda faɗin harsashinta ya haura milimita 9, taka kuwa 7.62 ce. Ba jagoran farautar da zai yarda ka tunkari ɓauna da ita a yankinsa. Haka nan bindigar harbin tsuntsaye, kalibar 12, da wasu ke ɗura wa dunƙulen dalma. Raunatattun ɓakanen da ke far wa manoma da makiyaya a gefen daji, da yawansu irin wannan harbi ne ya bar su da ciwo da fushi.

Sai ka san dabbar da za ka nema. Yawancin abin da ake rubutawa da bidiyon da ake gani a intanet kan ɓauna, na baƙar ɓaunar Tanzaniya da Zimbabuwe ne, wadda bijiminta ke kaiwa kilo 800, ƙahonninsa sun haɗe sun rufe goshi. Tamu ta dazuzzukan Binuwai da Faro da Buba Njida ba ta kai ta ba. Babban bijimi a nan yakan tsaya tsakanin kilo 500 zuwa 600, ƙahonsa ya fi gajarta, launinsa daga ja har baƙi a garke ɗaya. Kada ƙanƙantar ta rufe maka ido, don halin ɗaya ne idan ta ji rauni. Amma wajen zaɓen bindiga, .375 da ake ɗauka a matsayin mafi ƙanƙantar abin da aka yarda da shi a ƙasashe da dama na kudanci da gabashin Afirka, a nan ta isa har da ragi.

Kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da .375 a 1912. Faɗin harsashinta milimita 9.5 ne, yana fita da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa, ƙarfinsa a ma'aunin jul ya kai wajen 5,700, alhali .30-06 ba ta cika 4,000 ba. Abin da ya sa nake fifita ta a ƙasarmu bai tsaya ga ƙarfi ba. Harsashinta yana tafiya a miƙe, don haka bindigar da ta kayar da ɓauna a mita 50 ita ce za ta kayar maka da gwanki a mita 180. Kuma ita ce ka fi samun harsashinta a sansanonin farauta. Wanda ya taɓa neman harsashin baƙuwar bindiga a Garwa ko Ngaundere ana saura kwana uku ya shiga daji ya san darajar wannan.

Ita 9.3x62 ban raina ta ba ko kaɗan. Wani maƙerin bindiga na Balin mai suna Otto Bock ne ya ƙirƙiro ta a 1905 don Jamusawa mazauna ƙasashen da suka mallaka a Afirka, lokacin Kamaru na cikinsu. Tana jefa giram 18.5 da gudun kusan mita 720, bugunta a kafaɗa ya fi na .375 sauƙi, bindigar ba ta da nauyi, kuma takan ɗauki harsashi ɗaya ko biyu fiye da .375 a cikinta. Da harsashi mai kyau tana kashe ɓaunarmu sarai. Idan ka gwada biyun ka ga da 9.3 hannunka ya fi zama, ɗauke ta ba kunya. Sai dai ka tabbatar akwai inda za ka riƙa samun harsashinta kafin ka biya.

Yanzu maganar abokinka. Winchester ta fitar da .458 a 1956, tana jefa giram 32 da gudun kusan mita 650. An yi ta ne don tsayar da dabbar da ta riga ta taso wa mutum a taku goma, wato aikin jagora. A farkon zamaninta ma ta ba da kunya, domin albarushin da aka danƙare a ƙaramin kwansonta yakan dunƙule cikin zafi, gudun harsashi ya ragu. Wani Ba'amurke, Jack Lott, ɓauna ta ji masa rauni a Mozambik a 1959 yana riƙe da ita, shi ya sa daga baya ya tsawaita kwanson aka sami .458 Lott. Harsasan yau sun gyaru, amma bugun yana nan. Na .375 ya kusan ninka na bindigarka sau biyu, na .458 ya kusan ninka shi sau uku. Mutumin da ya saba da .30-06, idan aka ɗora masa .458, kafin ya gama kwali ɗaya zai fara runtse ido yana fizgar kunama tun harsashi bai tashi ba, kuma shi kansa ba zai san yana yi ba. Giram 32 a cikin tumbi bai kai giram 19 a cikin huhu amfani ba. Idan nan gaba ka ƙware kana son ƙari, .416 Rigby ko .416 Remington sun fi dacewa da kai, don ƙarfinsu ya yi kusan daidai da na .458 kuma sun fi ta miƙewa a nesa.

Inda ya kamata ka kashe kuɗi da hankali shi ne harsashin kansa, domin shi kaɗai ke isa ga dabbar. Ka dubi abin da zai ratsa: fata mai kauri wadda sau da yawa taɓo ya bushe a kanta, tsokar kafaɗa, ƙashin hannu, sannan haƙarƙari masu faɗi da suka kusan hawa kan juna. Harsashin gama-gari, dalma ce aka zuba cikin siririyar rigar jan ƙarfe. Yana yi wa mariya kyau saboda yana tarwatsewa da sauri, amma a kafaɗar ɓauna sai rigar ta rabu da dalmar, ya yi babban rami a waje bai kai huhu ba. Wannan matsala ce ta sa John Nosler ya ƙera harsashi mai shamaki a tsakiya a 1948, gaba ya buɗe baya ya ci gaba da tafiya. Na yau sun wuce nan. Akwai waɗanda aka narka dalmarsu ta manne da rigar, irin su Swift A-Frame da Trophy Bonded Bear Claw da Norma Oryx, akwai kuma na jan ƙarfe zalla irin Barnes TSX. Duka suna buɗe kai kamar laima, faɗinsu ya kusan ninkawa, su riƙe kashi 90 cikin 100 na nauyinsu ko fiye, su karya ƙashi su wuce. A ganina A-Frame ko TSX, duk wanda bindigarka ta fi tara shi wuri ɗaya a allon gwaji.

Dunƙulalle fa? Tsofaffin maharba sun fi son shi ne don masu buɗewa na zamaninsu ba abin dogaro ba ne. Aibinsa biyu. Raminsa siriri ne, jini ba ya zuba da yawa, ɓauna na iya tafiya mai nisa da shi. Sannan yakan ratsa ta ya fita, ita kuwa ɓauna dabbar garke ce, sai ka iske ka raunata saniya ko maraƙin da ke bayanta ba ka ma gan su ba. Duk dabbar da ka zubar wa jini ana lissafa ta a kanka, ko an same ta ko ba a same ta ba. Amfaninsa na zuwa ne bayan harbin farko, lokacin da ta juya maka baya tana gudu kuma dole harsashi ya bi tsawon jiki. Shi ya sa jagorori da yawa ke cewa wajen ɗura bindiga a sa mai buɗewa a sama don ya fara fita, dunƙulallu masu shafaffen kai a ƙasa. Wasu kuma sun koma TSX daga sama har ƙasa. Ka tambayi jagoranka tsarin da yake so tun kuna sansani. In za ka haɗa iri biyu, su zama nauyi ɗaya, ka kuma gwada ka ga suna faɗawa wuri ɗaya a mita 100.

Wurin saiti: idan ta ba ka gefe, bi ƙafar gaba da ido zuwa sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki daga ƙasa. Nan ne saman zuciya da huhu biyu. Sabon shiga yakan harbi sama da baya, don zuciyar ɓauna tana ƙasa fiye da yadda ake zato. Idan ta karkata tana ba ka kwiɓin hagu, haƙura. Tumbi a hagu yake, cike da jiƙaƙƙiyar ciyawa, yana iya shanye harsashin .458 ma. Kai da wuya kuwa bar wa jagora.

Madubin saiti mai ƙaramin ƙarfi ya ishe ka, wanda ke farawa daga 1 ko 1.5, tunda yawanci tsakanin mita 40 zuwa 80 ake harbi, a cikin gamba ko bakin rafi. Ka yi atisaye a tsaye kan sandunan dogara, kana ja da mayar da makulli da ƙarfi ba ka sauke bindiga daga kafaɗa ba. Kowane harsashin da za ka shiga daji da shi, ka bi da shi ta cikin bindigar tukuna ka ga yana shiga yana fita lafiya. Kada ka bar kwali a gaban mota cikin zafin Maris da Afrilu, kuma lokacin hunturu rage mai a makulli, don ƙura na haɗuwa da shi ya daskare.

Bayan harbin farko, in tana tsaye ko tana gudu kuma ba wata a bayanta, ƙara mata. Idan ta shige ciyawa, ku dakata kamar rabin awa kafin masu bin sawu su shiga; sau da yawa za ku ji dogon kukan da takan yi in rai zai fita. Ko kun same ta kwance, Alhaji, kada son yanka ya sa wani yaro ya ruga da wuƙa. Ka yi bisimilla tun lokacin da za ka ja kunama. Ku zo mata ta baya, bindiga a ɗure, ka ƙara harbi ɗaya tsakanin kafaɗu, a taɓa idonta da doguwar sanda a ga bai ƙyafta ba, sannan mai wuƙa ya matso.