Shin 4,294,967,297 lambar firam ce?

Tambaya: Malam, ina koyar da lissafi a sakandare. Wani ɗalibina ya kawo min 4,294,967,297, na gwada ta da 2, 3, 5 da 7 ba ta rabu ba, na ce wa aji firam ce. Yanzu hankalina bai kwanta ba, ga jarrabawa ta matso. Na yi daidai?

Amsa: Malam, gobe da safe ka koma ajin nan ka gyara. Firam ita ce lambar da ta fi 1 wadda 1 da ita kanta kawai ke raba ta. Wannan kuwa ba firam ba ce: 641 sau 6,700,417 ne. Dukkan biyun firam ne, don haka lambobi huɗu kacal ke raba ta: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. 

Asalinta 2 ce aka ninka da kanta sau 32 aka ƙara 1. A 1640 masanin lissafi Fermat ya zaci duk lambobin wannan jeri (2 a ninke sau 1, 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu, a ƙara 1) firam ne, don 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk haka suke. Sai a 1732 wani masanin lissafi, Euler, ya nuna cewa wannan lamba ba firam ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan "doka ta 2, 3, 5, 7" da masu lesin ke cusa wa yara, suna karɓar kuɗin iyaye. Dokar tana aiki ne ƙasa da 121 kawai. Daga nan ta mutu. 121 ai 11 sau 11 ne, 143 kuwa 11 sau 13, 221 kuma 13 sau 17, kuma babu wadda 2, 3, 5 ko 7 ke rabawa. Yaro ya haddace wannan shirme, ya shiga ɗakin jarrabawa da ƙwarin gwiwa, ya zaɓi amsar banza, wanda ya koya masa kuwa yana gida abinsa. Haƙƙin yaran nan a wuyanmu yake, kuma za a tambaye mu.

Ƙa'idar ita ce ka gwada duk lambobin firam har ka kai lambar da in aka ninka ta da kanta za ta cimma taka. A nan 65,536 ce, kuma akwai firam 6,542 a ƙasa da ita. Euler ya rage wahalar da ya nuna cewa duk firam ɗin da zai raba ta sai ya zama ninkin 64 da ƙarin 1: 193, 257, 449, 577, sai 641, gwaji na biyar.

Ka kuma yi hattara da kalkuleta mai gurbi goma. Raba wannan lamba da 3, za ta iya nuna maka 1431655766 cif, alhali akwai saura 2, ta cike ne don gurbi ya ƙare. Duk amsar da ta ba ka, ka sake ninkawa ka ga ko ta dawo daidai.