Ki je zaman, ki tafi da abin zaƙinki da waƙarki

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tambayarki ta taɓa ni, don wallahi kamar labarina kika ɗauko. Kin ce ƙungiyar marubuta waƙa da kika shiga a garin da kike karatu za su yi zama kafin hutun Thanksgiving, wato bikin ranar godiya da ake yi a Amurka, an ce kowa ya zo da abin zaƙi da waƙar godiya, ke kuma ba ki san abin da za ki kai ba, zuciyarki ma kewar gida ce ta cika ta, har kina tunanin ki ce ba ki da lafiya. Don Allah kar ki yi haka.

Bari in gaya miki abin da ya same ni, ko za ki gane ba a sama nake magana ba. Farkon zuwana Amurka na shiga wata ƙungiya da ke haɗuwa a ɗakin taro na laburare. Nuwamba ta shigo, an mayar da agogo baya, kafin ƙarfe 5 na yamma duhu ya rufe, sanyi kuma ba a magana. Aka sa irin wannan zaman. Na kwana ina alkaki, kin dai san wahalarsa, tsimin alkamar, murzawa, suya, tsomawa a ruwan zuma. Na jera a faranti mai kyau na rufe. Matar da ke jagorantar ƙungiyar ta karɓa a bakin ƙofa, ta ɗaga murfin, ta yamutsa fuska ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, wai kar wani ya ci ya sami matsala. Ban ƙi ba, ana samun masu rashin jituwa da alkama ko gyaɗa, amma ai sai ta tambaye ni. Ba ta tambaya ba. Ta kai shi ta ajiye a kan kujera a bayan ɗaki, kusa da rigunan sanyin mutane. Har aka tashi ba wanda ya san da shi.

Ba ma wannan ne ya fi ci mini rai ba. Da layi ya zo kaina na ce zan fara karantawa da Hausa sannan in bi da fassara. Ban kai ƙarshen baiti na biyu ba ta ɗaga hannu, tana murmushi, wai lokaci ya ƙure, in tsallake zuwa abin da kowa zai fahimta. Mutumin da ya riga ni shafi uku ya karanta a kan karensa, ba ta ce masa uffan ba. Muryata ta riƙa rawa, na karanta fassarar kamar mai karanta takardar asibiti, na zauna. Na ɗauki farantina yadda na kawo shi, na tsaya a tashar bas cikin sanyin nan ina kuka. Har yau in na tuna murmushin nan nata sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Na yafe mata, amma na daɗe ban iya rubuta ko ɗango ɗaya ba, wannan asarar kuwa ba ta san ta ja mini ba. Allah Ya kyauta.

Za ki ce to ai dalilin ƙin zuwa na ba ki. A'a. Wata dattijuwa baƙar fata da ke wurin ce ta nemo ni daga baya, ta ce kunnenta ya kama yadda ƙarshen baitocin ke faɗuwa a sauti ɗaya, tana so ta ji sauran. Ita ta kai ni ƙungiyar da nake ciki yanzu. Na yi musu bayanin amsa-amo da ƙwar biyar, wato baiti mai ɗango biyar, suka zauna suna gwadawa da Turanci. Da na ƙi fita a wancan daren, da ban haɗu da ita ba. Ita ce kuma ta koya mini fai ɗin dankali (fai, wato pie, abin zaƙi ne da ake gasawa a kan shimfiɗaɗɗen ƙullin fulawa), wanda a gidajen baƙaƙen Amurka da yawa ya fi na kabewa daraja, kuma dankalin Hausa ne dai namu, sai dai nasu cikinsa ja ne.

Batun abin da za ki kai, in kina da ƙarfin yin namu ki yi. Dubulan ko kantun riɗi ko tuwon madara sun fi alkaki sauƙi kuma suna karɓuwa. Ki rubuta kayan haɗin a 'yar takarda ki ajiye a gefe, ki kuma ɗora farantin a kan tebur da hannunki, kar ki miƙa wa kowa a ƙofa. In kuma nasu kike so ki gwada, fai ɗin kabewa ba wuya. Ki sayi kabewar gwangwani, ta Libby's ce aka fi samu, yadda ake yi ma yana jikin gwangwanin: ƙwai biyu, madarar gwangwani, sukari, kirfa, citta, kanumfari. A gasa minti 15 a zafi 425 a ma'aunin Fahrenheit, a sauke zuwa 350 har tsakiyar ta kama. Mu da muka san kabewa a miyar taushe, cin farko sai a hankali, amma baki na sabawa.

Ki kula da abin da za ki ci a can fa. Ƙullin da ake shimfiɗawa a ƙasan fai wani lokaci da kitsen alade ake yi, musamman na kanti, ki karanta jikin kwalin. Fai ɗin pekan, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, wasu na zuba masa giya. Farar alawar nan mai laushi da suke barbaɗawa a kan dankali yawanci akwai jelatin na alade a ciki. Ki tambaya kai tsaye, ba abin kunya ba ne, su ma suna tambayar juna. Batun halarta kuma, in zuciyarki na wasiwasi ki tuntuɓi malamin da kika yarda da shi. Ni dai zaman waƙa nake zuwa.

Waƙar kuwa, kar ki matsa wa kanki yin farin cikin da babu. Ranar Thanksgiving ɗin ma ba kowa ke murna da ita ba. Shugaban Amurka Abraham Lincoln ne ya ayyana ta a 1863 ana tsakiyar yaƙin basasa, kuma tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar ke taruwa a garin Plymouth na jihar Massachusetts a wannan Alhamis ta huɗu ta Nuwamba suna zaman makoki. A ƙungiyarmu akwai wadda kowace shekara waƙar ɗanta da ya rasu take kawowa, kuma ana sauraro. Ke da kika taso kina jin mawaƙa na buɗe waƙa da godiya ga Allah da salati kafin su shiga koke, wa zai koya miki haɗa godiya da kuka? Ki gode wa wanda ya nuna miki hanyar masallaci, ko direban da ya jira ki kina gudu, ki sa kewar Mama a ciki. Tawa ta bara a kan makwabciyar da ta ba ni aron shebur ɗin kwashe ƙanƙara ce.

Af, ki kira gida kafin ki fita, ba bayan kin dawo ba, don lokacin can dare ya yi nisa, sai ki rasa wanda za ki gaya wa. Ki sa takalmi mai kauri. Ki kuma faɗa wa mai jagoranci tun yanzu cewa da harshe biyu za ki karanta, ta ware miki lokacinki. In suka yi miki irin abin da aka yi mini, ki bar su ki nemi wasu, kusan kowane gari akwai fiye da ƙungiya ɗaya. Ki turo mana waƙar a nan kafin ranar mu duba miki ma'auninta, ni zan fara karantawa in sha Allahu.