Cikin tagwaye bayan dashen ƙoda

'Yar'uwa, kin ce shekara biyu da yi miki dashen ƙoda, yanzu hoto ya nuna tagwaye a mako na 9, kina tsoron kada ƙodar ta gaza. Allah ya raba lafiya. Ana haihuwa lafiya a haka, amma sai da sa ido sosai.

Fara da magungunanki. Idan kina shan mycophenolate (mai hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa) ko lisinopril (na hawan jini), ki kira likitan ƙodarki yau, domin suna cutar da jariri. Akan maye gurbin na farko da azathioprine, na biyu kuma da labetalol ko nifedipine. Kada ki daina komai da kanki, jiki zai iya ƙin ƙodar. Tacrolimus kuwa, wanda shi ma yake hana jiki ƙin ƙodar, yawansa a jini kan sauka idan ana da ciki, sai an riƙa aunawa akai-akai.

Babban haɗarin shi ne hawan jini mai kai wa ga jijjiga, da haihuwar bakwaini. Tagwaye na ƙara duka biyun. Shi ya sa ake ba da ƙaramin asfirin daga mako na 12, a gwada fitsari duk wata.

Ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, zazzaɓi ko raguwar fitsari, ki tafi asibiti nan take. Ki yi awo a asibitin koyarwa mai sashen jarirai bakwaini.