Sara, Sassabe da Sassaƙa: Amsa ga Masu Tambaya kan Gyaran Icce

Wani malamin makaranta daga Tawa ya rubuto yana cewa, kowace shekara gab da faɗuwar damina yakan ga mutane suna hawa itatuwan bedi na bakin titi da igiya da gatari, wasu da injin zarto, suna rage musu rassa don kada iskar farkon damina ta karya su a kan gidaje ko wayoyin lantarki. Ɗalibansa sun kira waɗannan mutane masassaƙa, shi kuwa hankalinsa bai kwanta da sunan ba, don haka yake neman wanda ya dace.

Malam, kana da gaskiya da ka yi shakka. Masassaƙi shi ne wanda icce ke zuwa hannunsa bayan ya faɗi, ya sa gizago ya fitar da turmi da taɓarya da akushi da ƙota da allon karatu. Shi kuwa wannan da ka gani a sama, da icce mai rai yake aiki, kuma duk gwanintarsa ita ce ya sauko ya bar iccen da ransa, ya fi yadda ya same shi lafiya.

Hausa ba ta rasa kalmomin rarrabe waɗannan ayyuka ba. Sara ita ce uwa, wato duka da abu mai kaifi, ko gatari ne ko adda ko barandamin makiyayi. Idan aka ce an sare icce, to an kai shi ƙasa, sai kututture ya rage. Datsa kuwa yanka ce a gicciye, shi ya sa ake datse reshe, ake daddatsa gungume. Sassabe aikin gona ne, share ƙirare da ƙananan itatuwa kafin shuka, kuma wannan kalma ce ta fi ba ni sha'awa, domin a idonmu ma'anarta ta juya. A da, manomi na ƙwarai shi ne wanda ya sassabe gonarsa tas bai bar ko tsiro ba. Daga 1983, a jihar Maraɗi, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman yankin suka fara barin kututturan da ke gona su yi toho, a zaɓi ƴan sanduna mafiya ƙarfi a bari, a datse sauran, a riƙa rage musu ƙananan rassa na ƙasa har su miƙe su zama itatuwa. Manoma suka raɗa wa aikin suna sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya kusan hekta miliyan 5 ta sake samun itatuwa a Nijar, abin da ya kai wajen itatuwa miliyan 200. Kalmar da ke nufin kawar da icce ta koma tana nufin renonsa.

A Ingila suna kiran mai wannan sana'a da sunan da ke nufin likitan fiɗar icce. A ganina ba mu da bukatar aro, domin mai gyaran icce ya wadatar, kuma gyara ita ce kalmar da ta raba shi da mai saran icce da ke neman makamashi.

Abin da ya sa na nace a kan gyara shi ne, aikin yana da ƙa'ida. Gwani ba ya datse babban reshe da sara guda daga sama, domin nauyin reshen zai rinjaya kafin a gama, ya faɗi yana yage ɓawo har gangar jikin iccen. Sai ya fara ɗan yanka daga ƙasan reshen, nesa kaɗan da jikin icce, sannan ya yanka daga sama gaba da wancan har reshen ya faɗi, daga ƙarshe ya dawo ya cire guntun da ya rage. Wannan yanka ta uku ita ce ma'aunin gwaninta. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi kamar wuyan riga, kuma daga nan ne icce ke fitar da sabon nama ya rufe ciwon. Wanda ya share kumburin ya hana ciwon rufewa, wanda kuma ya bar dogon guntu ya bar wa ruɓa da gara ƙofa. Wani masanin itatuwa na Amurka, Alex Shigo, ya nuna a shekarun 1970 cewa icce ba ya warkewa yadda fatar mutum ke warkewa, sai dai ya killace wurin da ya lalace ya gina sabon icce a kewayensa, kuma shafa fenti a bakin yankan ba ya hana ruɓa. Idan reshen yana bisa rufin ɗaki, sai a ɗaure shi da igiya tun kafin a yanka, abokin aiki da ke ƙasa ya sauko da shi a hankali. Mai hawan ma da tasa igiyar a ƙugu yake aiki.

Wata Hajiya daga Yamai ta aiko da tambayar da ta fi wannan zafi. Ta ce ta kira mai gatari ya rage mata bedin tsakar gida, ta dawo daga unguwa ta tarar ya sare kan iccen gaba ɗaya, ba reshe ba ganye. Da ta yi faɗa sai ya ce mata, “Hajiya, sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho.” Tana son ta san ma'anar karin maganar, da ko ta dace da wurin da ya kawo ta.

Hajiya, karin maganar sahihiya ce. Gamji babban icce ne mai faɗin ganye, ɗan'uwan ɓaure da ceɗiya da durumi. Makiyaya na sarar rassansa, masu magani na ɗibar sassaƙensa, wato ɓawon da ake fafewa daga jikinsa, amma ba ya jimawa sai ya fitar da sabon ganye. Toho, wasu su ce tofo, shi ne wannan sabon ganye. A lura cewa an ce “ba ya hana”, ba a ce “ba sa hana” ba, ko da yake abubuwa biyu aka ambata, domin an ɗauki sara da sassaƙa a matsayin cuta guda mai fuska biyu. A Adar za ki ji “ba shi hana”, kuma ma'anar ɗaya ce. Ana faɗarta ga mutumin da hassada da sarar baki ba su hana shi ci gaba ba, kuma ba banza ba aka yi wa Sardauna Ahmadu Bello kirari da Gamji.

Amma yabon wanda aka cuta ce, ba hujjar mai cutar ba, kuma a nan ne mai gatarinki ya kauce. Gaskiya ne bedi yana da jimiri, zai kuma yi toho. A kwarin Majiya, wajen Buza, inda aka fara dasa layukan bedi a 1975 don tare iska, da itatuwan suka girma an riƙa datse kawunansu sama da inda bakin dabba ke kaiwa, ana samun sanduna, suna sake tohowa. Sai dai wannan a gona ne, bisa tsari, inda ba kowa ke kwana a ƙarƙashinsu ba. A tsakar gida lamarin dabam ne, domin rassan da ke fitowa daga bakin irin wannan sara suna tasowa da yawa, da sauri, amma a kan ɓawo suke liƙe, ba su da tushe a cikin iccen, kuma su ne iska ke fara fizgewa bayan ƴan shekaru, yayin da ruɓa ke cin wurin saran daga ciki. Shi ya sa masu sana'ar ke cewa kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen icce a gyara guda. Ba kowane icce ba ne ma ke da haƙurin bedi, kuma wasu kamar gawo doka ce ke tsaronsu, ba a taɓa su sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Tunda aikin gama ya gama, shawarata ita ce ki bar iccen ya yi damina ɗaya ko biyu ba a taɓa shi ba, sannan ki nemo mai gyara ya zaɓi rassa uku ko huɗu masu ƙarfi, waɗanda suka fuskanci sassa dabam-dabam, ya datse sauran. Kafin ya hau, ki sa ya nuna miki da hannu reshen da zai cire da inda zai yanka, ku kuma yi cinikin ladan aikinsa da kuɗi, kada ya zama itacen da ya sauko ne ladansa, domin wanda za a biya da icce ba zai so ya sauko da kaɗan ba.