Wanke gilashin taga: tsani da sabulu ko sanda mai ruwa?

Tambayar ita ce wace hanyar wanke taga ta fi gamsar da masu gida a Birtaniya, tsohuwar hanyar sabulu da robar sharce ruwa, ko doguwar sanda mai burushi wadda ruwa ke bi ta cikinta. A ganina sandar ta fi dacewa da gidajen bene, musamman da yake dokar aiki a wuri mai tsayi ta 2005 ta buƙaci a guji hawa tsani matuƙar ana iya yin aikin daga ƙasa.

Amfanin sandar ya dogara ne ga ruwan, domin ana tace shi har a raba shi da gishirin ma'adinai, saboda haka idan ya bushe da kansa ba ya barin tabo. Ƙorafin masu gida yawanci a wankin farko da na biyu yake tasowa, lokacin da ragowar sabulu da dattin da ya maƙale a jikin firam suke gangarowa kan gilashin bayan mai wanki ya tafi. Wasu kuma da zarar sun ga taga a jiƙe sai su ɗauka ba a gama aiki ba, don haka idan kai ne mai wankin, ya kamata ka yi musu bayani kafin ka fara.

Tsohuwar hanya ta fi kyau a cikin ɗaki, da kuma tsofaffin tagogin katako, inda ruwa mai yawa kan iya kutsawa ta tsaguwa. Busasshen kashin tsuntsu ma sau da yawa sai an kankare shi da hannu.